Tudun da Zalika ta Gano daga Sama

Duk wanda ya buƙaci hoton katin ɗan ƙasa a Gaya cikin shekaru goman nan, da wuya a ce bai zauna gaban Zalika ba. Shagonta yana kan hanyar da ta tashi daga babbar kasuwa ta nufi tasha, tsakanin mai gyaran salula da wata mai sayar da atamfa. Allon ƙofar har yau "Foto Rabo" yake faɗi, sunan mijinta ke nan, amma ba mai kiran wurin haka. Kowa "wajen Tanti Zalika" yake cewa.

Ba ta tashi da niyyar zama mai hoto ba. Mahaifinta direban kamyo ne mai bin hanyar Kwatano, mahaifiyarta kuma tana soya fari masa a bakin tasha. Zalika ta yi lakkol har aji shida, sannan ta dawo ta kama wa uwarta suya. A bakin kaskon nan ta san Rabo, wani dogon saurayi da ke zuwa sayen karin kumallo kullum da aparai, wato na'urar ɗaukar hoto, rataye a wuya. Wata huɗu yana saye kafin ya iya ce mata wani abu ban da "ƙara yaji". Suka yi aure tana da shekara ashirin da biyu.

Zamanin fim ne a lokacin. Rabo ya ɗauka, a aika Dosso a wanke, a dawo da su cikin ambulan. Aikin Zalika shi ne yanka hotuna da almakashi, da jera su, da tuna wane ne mai wanne. A haka idonta ya buɗe. Tun ba ta taɓa latsa aparai ba ta riga ta san hoton da rana ta ci wa fuska, da wanda inuwar hula ta rufe wa ido. Takan ajiye irin waɗannan gefe guda ta ce wa Rabo, "Wannan ka sake shi, mutumin nan ba haka yake ba." Yakan yi gunaguni, amma yakan sake.

A shekarar 2014, ranar wata Laraba da hantsi, Rabo yana tsakiyar ɗaukar hoton wasu 'yan makaranta sai hannunsa na dama ya saki. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne. Ya yi wata biyu kwance, ya tashi, amma hannun bai dawo ba, harshensa kuma ya yi nauyi. 'Yan uwa suka ba da shawarar a sayar da kayan shago. Zalika ba ta yi gardama da kowa ba. Da safe kawai ta buɗe ƙofa, ta share, ta kafa wa Rabo kujerar roba a kusurwa inda zai riƙa ganin komai, ta rataya aparai a wuyanta. Makon farko mutane kan leƙo su tambaya, "Ina mai hoton?" Ta ce, "Ga ta nan tsaye. Zauna, ɗaga haɓarka." Kafin shekara ta zagayo, matan da ba su taɓa yarda namiji ya ɗauke su ba sun fara zuwa da kansu, suna janyo ƙawayensu.

Labule uku ke shagon, waɗanda ake saukewa a bayan mutum idan hoton ado yake so. Ɗaya dogayen benaye ne na Dubai. Ɗaya wani dutse ne mai ƙanƙara da ruwa na zubowa daga kansa. Na ukun falo ne mai matakala da jan kilishi. Rabo ya sayo su tun da jimawa, ba kuwa wanda ya taɓa kushe su.

Sai wani dattijo daga Tunuga ya shigo ran kasuwa, da farar riga sabuwa kar, yana son hoton da zai aika wa ɗansa da ke aiki a Aljeriya. Zalika ta sauke masa Dubai. Ya juya ya dubi labulen da kyau.

"Ɗiyata, wanga wane gari ne?"

"Dubai ce, Baba."

"Ban taɓa zuwa ba. Yaron zai ce tsohonsa ya fara ƙarya." Ta sauke masa dutsen ƙanƙara, ya girgiza kai. Ta sauke falon, ya yi dariya har sai da ya dafa sandarsa. "Shekara shida yaron bai ga gida ba. Ba ki da na ƙasarmu? Ruwa, da giginya, ko da ɗan jirgi guda?"

Ba ta da shi. Ta ɗauke shi a gaban farin bango, ya karɓa ya yi godiya ya tafi. Da ya fita, Rabo ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna labulen, ya ce a hankali, kalma bayan kalma, "Gaskiya... ya... faɗa."

Abin ya tsaya wa Zalika a rai. Ta ce ai kogin Isa ga shi nan a bayan gari, mene ne wahala? Ran Lahadi ta ɗauki aparai ta gangara. Abin da ta dawo da shi: wayoyin lantarki, da jerin kamyo, da baƙaƙen ledoji maƙale a ƙaya. Lahadin da ta biyo ta matsa wajen gada, sai wani jandarma ya tare ta cikin ladabi ya ce, "Hajiya, nan ba a ɗaukar hoto." Ta ba shi haƙuri ta juyo. Karo na uku ta hau kabu-kabu ta yi nisa da gari, amma ta isa rana ta take, kogin ya fito fari fat kamar faranti, itatuwa baƙi ƙirin. Ta zauna gaban ordinater, wato kwamfutar shago, tana duba su, ta goge duka.

Wadda ta buɗe mata hanya Bibata ce, ma'aikaciyar noma da ke kula da ƙungiyoyin manoman shinkafa na bakin kogi. Takan zo shagon buga takardun aiki, domin injin Zalika yana fitar da launi da kyau. Wata rana takardar da ta fito daga injin ta sa Zalika ta riƙe ta ba ta miƙa ba. Gonaki ne murabba'i murabba'i, da kogi yana lanƙwasa a gefe, kamar mutum yana kallo daga bayan shaho.

"Bibata, wa ya ɗauki wannan? Jirgin sama kika hau?"

Bibata ta yi dariya. "Satelit ne, Tanti. Tauraron ɗan adam. Yana can sama yana ɗauka, mu kuma muna dubawa. Matsa in nuna miki."

Ta saka mata manhajar taswirar a ordinater ɗin shago. Duniya ta fito kamar ƙwallo, Bibata ta murza, ta nutsa, ta nutsa, sai ga Gaya: gada, da Malanbil a tsallake, da kasuwa, har rufin kwanon shagon da suke zaune ciki. Zalika ta ce, "La ilaha illallahu." Rabo ya sa aka jawo kujerarsa kusa.

Daga ranar, duk lokacin da shago ya yi shiru tsakanin azahar da la'asar, Zalika tana gaban taswira. Ta bi kogin ta yamma, ta dawo ta bi shi ta gabas, taki bayan taki. Da farko komai tabo-tabo ne a idonta, kore da ruwan ƙasa. Sai ta lura da abin da ta fi kowa sani, wato inuwa. Daga sama itace ɗigo ne kawai, amma inuwarsa a kwance take a ƙasa, tana faɗin ko shi wane ne. Mangwaro inuwarsa dunƙule ce. Giginya kuwa siririn layi ne da ɗan kai a ƙarshe, kamar ashana.

Da Bibata ta dawo bayan mako biyu, Zalika ta nuna mata allon. "Waɗannan duk giginya ne. Waɗancan mangwaro. Hoton nan kuma da hantsi aka ɗauke shi, wajen sha ɗaya saura, dubi inda inuwa ta faɗi."

Bibata ta ƙura wa allon ido, ta juyo ta dubi Zalika. "Shekara bakwai ina aiki da abin nan, Tanti. Ban taɓa duba inuwa ba."

"Ke gona kike nema," in ji Zalika. "Ni haske."

Abin da take nema ta rubuta shi a bayan wani tsohon ambulan. Wuri mai tudu, don kogin ya shimfiɗu a hoto, kada ya zama zare. Giginya a gaba. Babu waya, babu hanyar mota, nesa da gada da duk wani wurin masu kaki. Sannan dole ta tsaya tana fuskantar yamma, rana ta fito ta bayan kafaɗarta. Bibata ta koya mata cewa duk inda ta ɗora kibiya, a ƙasan allo ana rubuta tsayin wurin da mita. Zalika ta kwashe kwana tara tana jan kibiyar nan a bakin kogi tana kallon lamba. Wurare huɗu ta yi wa alama da 'yar rawayar ƙusa ta taswira, ta soke uku. Na huɗun yana gabas da Gaya, wajen ƙasar Tunuga: ɗan tudu da ya ɗara ruwa da mita shida, giginya goma sha ɗaya a gefensa, wani reshen kogi ya zagaye shi, 'yar tunga ta masunta a bayansa. Ta ja layi ta auna, kilomita ashirin da biyu daga ƙofar shagonta. Akwai ma siririyar hanyar ƙafa da ta ratsa yashi har gindin tudun.

Ranar da ta nuna wa Rabo, ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa yatsa a ƙasan allon, inda wasu ƙananan lambobi suke. "Wata... biyar," ya ce.

Ta duba. Hoton na watan Mayu ne, lokacin da kogi ya janye ya bar yashi. Ita kuwa ƙarshen Oktoba take son tafiya, bayan ruwan sama ya wanke sararin sama, ganye bai riga ya bushe ba. Ta kira Bibata a salula, Bibata ta ce ta nemi ɗan agogon da ke saman allo, ta ja shi baya. Zalika ta ja. Shekaru suka riƙa wucewa a gaban idonta, kogi yana cika yana ramewa. Ta tsaya a kan wani hoto na watan Nuwamba. Hanyar ƙafar babu ita, ruwa ya shanye ta, tudun da tungar sun zama tsibiri.

"Ashe jirgi za mu nema," ta ce. Rabo ya gyaɗa kai, ya koma ya jingina, yana murmushi da rabin bakinsa.

Bibata ta san wani masunci a tungar, Yakuba, wanda kuma yake cikin ƙungiyar 'yan shinkafa. Aka yi magana da shi, shi kuma ya sanar da mai gari cewa wata baƙuwa za ta zo ɗaukar hoton ruwa da itatuwa.

Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba, suna idar da sallar asuba, Zalika ta hau bayan moto, wato babur ɗin Bibata, aparai ɗaure cikin zane a ƙirjinta, takardar taswirar da ta buga a ninke cikin jaka. Shekararta hamsin da ɗaya, gwiwarta ta hagu tana damunta, kuma rabonta da hawa moto mai nisa haka tun aurensu da Rabo. A duk mararraba ita ke taɓa kafaɗar Bibata. "Dama, bayan rijiyar nan." "Hagu, akwai kuka biyu a gaba." Kukokin suna nan. Rijiyar ma tana nan. Inda ta ce hanya za ta ƙare, a nan ta ƙare, ruwa shimfiɗe a gabansu, Yakuba zaune cikin jirginsa yana jira.

"Fofo, Hajiya, sannu da hanya," ya ce. Yana tuƙi ya tambaye ta, da Hausarsa ta kasuwa, "Wa ya gaya miki tudun ga? Mutanen birni ba su san shi ba."

Ta ciro takardar ta miƙa masa. Ya ajiye filafili a cinya, ya juya ta sama da ƙasa, sai ya sa yatsa. "Wanga ɗakina ne. Wanga rumbun yayana." Ya ƙidaya ƙananan inuwoyin giginyar nan ɗaya bayan ɗaya. "Sha ɗaya. Wallahi sha ɗaya ne. Ke ba ki taɓa zuwa nan ba?"

"Yau na fara."

Ya ninke takardar da hannu biyu ya mayar mata.

Suka sauka bakwai da 'yan mintoci. Rana ta ɗan ɗago, hasken nan mai laushi kamar man shanu ya kwanta kan kawunan giginya, daidai ta inda ta lissafa. Zalika ta kama hawan tudun tana dafa gwiwa. Ta kai saman, ta juya yamma.

Dawa ce. Gonar dawa tsaf, daga ƙafarta har gangare, ta fi ta tsayi da kamu biyu, zangarniya sun sunkuyo. Ba kogi, ba tsallake, sai kara da ganye. A taswirar wurin fili ne fetal. Ta lissafa ruwa, ta lissafa rana, ta lissafa tsayin ƙasa, ta manta cewa mutane suna noma.

Ta yi ɗage ta leƙa, ba ta ga komai ba. Bibata ta ce, "Kash, Tanti." Yakuba ya sosa kai ya ce gonar yayansa ce, saura kwana goma a girbe, amma in tana so zai sare mata layi biyu ko uku, yayan ba zai ce komai ba.

"A'a," in ji Zalika. "Ba a sare abincin mutane don hoto. Dawar ma ba ta nuna ba."

Matan tungar sun riga sun biyo su don ganin baƙuwa. Cikinsu akwai Kande, matar Yakuba, gajeruwa mai ƙarfi, hannunta duk ɓawon kifi. Ta tambayi mijinta da Dandanci abin da ke faruwa, ya gaya mata. Ta auna Zalika da ido, ta auna dawar, ta faɗi wata magana, mata huɗu suka ruga. Jim kaɗan sai ga su suna turo amalanke ba jaki, suna nishi suna dariya, da babban turmi a kai. Suka tokare ƙafafun amalanken da duwatsu, suka kife turmin a tsakiya. Kande ta buga shi da tafin hannu.

"Hau, yaya."

Zalika ta dubi turmin, ta dubi rana. Hasken nan ba zai wuce rabin awa ba. Ta cire takalmi, ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta yi bisimilla. Bibata ta tura ta ta hau amalanke, Kande ta ba ta kafaɗa ta taka turmi. Mata biyu suka riƙe mata ƙafafu, Kande ta rungume ƙugunta. Ta miƙe a hankali, kanta ya ɗago bisa zangarniyar dawa.

Ga shi nan. Jajayen kawunan dawa a gaba, raɓa na ƙyalli a kansu. Giginya tsaye a dama, dogaye, hasken safe ya bi jikinsu. Reshen kogi ya zagayo ya haɗu da uwarsa, ruwan ya buɗe har can inda ƙasar Benin ta zama siririn kore. Wani masunci da ba wanda ya kira shi ya fito daga bayan ciyawa a jirginsa, ya tsaya, ya wurga birgi, ragar ta buɗe a iska.

Ta latsa. Ta sake latsawa. "Ku riƙe ni da kyau," ta ce. Kande ta ce daga ƙasa, "Ko kwana za ki yi, muna nan." Hoto arba'in da uku ta ɗauka kafin rana ta yi ƙarfi. Da suka sauke ta, ta zauna a bakin amalanke. Matan suka kewaye ta suna leƙa ɗan allon aparai, suna ture juna. Wata tsohuwa ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi Yakuba ko da gaske nan ne. Kande ta kawo soyayyen kifi da kunu, ta hana su tafiya sai da suka ci.

A shago, ita da Rabo suka yi kwana uku suna saɓani. Ita tana son wanda ragar ta buɗe sosai. Shi ya kafe a kan wani da masuncin ya matsa gefe, tsakiyar hoton ruwa ne kawai. Ta ce nata ya fi rai. Ya nuna tsakiyar nata, sannan ya nuna kujerar da mutane ke zama, ya ce, "Kai... zai... rufe." Ta gane. Duk wanda ya zauna gaban labule, kansa a tsakiya yake faɗawa, zai rufe masuncin da ragarsa. Ta ce, "Malam, ka ci." Ya yi dariyar da ta daɗe ba ta ji ba.

Aka buga shi a Dosso a kan leda mai kauri, mita uku da rabi. Na farko ya dawo korensa ya koma shuɗi-shuɗi. Mai bugawar ya ce ba wanda zai lura. Zalika ta naɗe shi, ta shiga mota da kanta ta je ta tsaya a kansa har ya fitar da koren da ta gani da idonta. Wani ɗan ƙarami kuma ta sa aka buga, ta aika wa Kande ta hannun Bibata.

Yanzu labule huɗu ne a shagon, amma sabon ba ya naɗuwa. Amare suna neman sa. Direbobin da suka fito daga Tawa da Agadas suna tsayawa gabansa su aika gida. Masu zuwa hoton katin ɗan ƙasa, waɗanda farin bango kawai suke buƙata, sukan ce a ƙara musu ɗaya "a bakin ruwa". In wani ya tambaya a ina ta sayo, Zalika ba ta ɗaga murya. Tana gyara masa wuyan riga take cewa, "Ba saye ba ne. Ni na ɗauka. Kilomita ashirin da biyu daga inda kake zaune."

Kwanan baya wata 'yar kasuwa daga Yelu, Hajiya Halima, ta zo da 'ya'yanta mata uku aka ɗauke su. Da aka gama ta tsaya tana kallon labulen, hannu a ƙugu.

"Kyau kam ya yi kyau," ta ce. "Amma ku mutanen kogi kun ɗauka ku kaɗai Allah ya ba ƙasa. Kin taɓa ganin fadamarmu da rani, inda mata ke dafa gishiri? Ƙasa fara tas, hayaƙi na tashi, giginya ta fi taku yawa."

"Ta wane gefen gari take?" in ji Zalika.

"Ke dai ki zo, a gidana za ki sauka."

"Zan zo. Amma zo ki nuna mini tukuna."

Ta jawo mata kujera gaban ordinater, ta murza, ta nutsa arewa. Hajiya Halima ta gyara tabarau, ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon, 'ya'yanta suka taru a bayanta. Wani mai son hoton fasfo ya leƙo ƙofa, Rabo ya ɗaga masa hannu ya nuna masa benci ya jira.